Gidajen tarihi huɗu a wuni ɗaya: bitar shirin Alƙahira da ake sayar wa makarantun Legas

Masu shirya tafiye-tafiye a Agege da Ikeja, waɗanda akasari da jigilar Umara aka san su, suna da wani shiri da suke tallata wa makarantun Islamiyya da na boko masu zaman kansu: a kai ɗalibai Alƙahira na mako guda ko kwana goma don ƙarin Larabci da buɗe ido, a ware wuni ɗaya don gidajen tarihi. Wannan wunin kaɗai za mu duba. Takardar talla takan jero wurare huɗu: sabon babban gidan tarihi na Giza, tsohon gidan da ke dandalin Tahrir, gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ inda gawarwakin fir'aunoni suke, da gidan kayan fasahar Musulunci na Babul Khalƙ. A kuɗin akwai mota, ɗan jagora, tikiti da abincin rana.

Wuraren kansu ba su da makusa, kowanne ya isa a yi tattaki dominsa. Aibin shirin cushe su huɗu da aka yi tsakanin hantsi da la'asar. Idan shugaban makaranta ya tsaya kai da fata aka rage su zuwa biyu, kuɗin iyaye ya yi amfani. Idan aka bar shi yadda yake a takarda, yara za su dawo Legas da hotuna cike da waya da ciwon ƙafa, ka tambaye su me suka gani su ce maka gumaka.

A yi lissafi da ɗalibai 30 a mota ɗaya. Yawancin gidajen nan daga ƙarfe 9 na safe suke buɗewa zuwa 5 na yamma, wato minti 480. A kowace ƙofa akwai na'urar binciken jaka da ta jiki, mutum ɗaya bayan ɗaya, ga duba tikiti, ga masu neman bayi tun kafin a shiga: a ba kowace ƙofa minti 20 zuwa 25, sau huɗu ya kusa minti 90. Zirga-zirga uku tsakanin gidajen ba za ta gaza awa biyu ba, domin Giza tana yammacin kogin Nilu, sauran ukun suna gabas, kuma wanda ya san Oshodi da yamma ya san irin cunkoson da zai tarar a gadojin Alƙahira. Abinci awa ɗaya. Alwala da sallar mutum 30, maza daban mata daban, minti 40. Sai shagon fafiras, wato takardar ciyawa irin ta mutanen Masar na dā, da direba zai tsaya ko ba a tambaye shi ba, minti 45. Abin da ya rage bai wuce awa biyu da 'yan mintoci ba, rabin awa ke nan ga kowane gida. A Giza, rabin awa ba ta kai mutum daga ƙofa zuwa saman matakala. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma a nan maganar ta zauna daram, don daga tagar da ke saman matakalar dalolin Giza uku ake hangowa.

Gidan Giza shi ne dalilin da ya sa tsarin gida huɗu a wuni ɗaya ba ya aiki. An yi bikin buɗe shi gaba ɗaya ranar 1 ga Nuwamba 2025, bayan fiye da shekara 20 da aza harsashinsa a 2002, kuma nisansa da dalolin kimanin kilomita biyu ne. Da shiga za a ci karo da mutum-mutumin fir'auna Ramsis na biyu, mita 11 a tsaye, nauyin tan 83, wanda ya daɗe a gaban tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar birni kafin a ɗauke shi a 2006 saboda hayaƙin motoci da girgizar hanya. A nan rukuni yake fara watsewa, kowa yana neman hoto. Ƙwararren jagora yakan ba da minti biyar cif, ya tara su a hoto ɗaya, ya wuce. Daga nan sai babbar matakala mai ɗauke da mutum-mutumai da ginshiƙai kimanin 60, sannan manyan zauruka 12 da aka jera bisa zamani da jigo.

Kayan fir'auna Tutankhamun su ne abin da kowa ya zo gani: fiye da guda 5,000 da mai binciken kayan tarihi Howard Carter ya tarar a kabarin da ya gano a Luksor cikin Nuwamba 1922, yanzu duka a wuri ɗaya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ruga da yara kai tsaye wurin abin rufe fuska na zinare, wanda ya haura kilo 10, a shiga layi, a ɗaga waya, a fito. Abin da ke kama hankalin ɗan shekara 14 yana gefe: takalman sarkin, sandunansa na dogarawa, kekunan dokinsa, allon wasansa mai kama da dara, akwatunan da aka zuba masa nama don guzuri. Yaro ne da ya hau mulki yana wajen shekara tara, ya mutu kafin ya cika ashirin, sa'an manyan ɗaliban da ke tsaye a gaban gilashin. Tambayar da ba ta taɓa fashi ita ce ina gawar. Ba ta nan, tana kabarinsa a Luksor, kuma ya kamata a faɗa musu tun a mota. A wani gini na daban cikin harabar akwai jirgin ruwan fir'auna Khufu, tsawon mita 43, na katakon al'ul, wanda aka tono a gindin babbar dala a 1954 a wargaje aka sake haɗa shi. Da igiya aka ɗaure katakansa. Duk yaron da ya taɓa ganin masu sassaƙa kwalekwale a bakin ruwan Legas zai tsaya a nan ya daɗe. Gidan nan awa huɗu yake so, uku idan an matsu. Laraba da Asabar yana kaiwa dare, abin da ke ba da damar a fara da wani wuri da safe a ƙare a nan.

Maganar tikiti ita ce inda ake gane kamfanin da ya san aikinsa. Na Giza ta intanet ake yanka shi, da sa'ar shiga a jikinsa, don haka motar da ta makara a hanya ta jefa kowa cikin roƙo a bakin ƙofa. Sauran manyan gidajen kuma sun koma karɓar kuɗi da katin banki, tsabar fam ɗin Masar ba ta aiki a tagar tikiti. Katin naira yana iya ƙin wucewa, ko iyakar kashe kuɗin waje da banki ya sa ta cika kafin a biya wa mutum na goma. A tabbatar abokin hulɗar kamfanin a Alƙahira ya yanki komai tun kafin a tashi daga Ikeja, a turo wa makaranta shaidar. Farashi iri biyu ne, na 'yan ƙasa da na baƙi, na baƙi kuma ya ninka sau da yawa. Ɗalibi baƙo yana biyan kusan rabin na babba, amma sai da katin shaida mai hoto wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Katin ɗalibai na duniya, ISIC, shi ne wanda ba a gardama a kansa. Takardar makaranta mai hatimi ko katin da ba shi da ranar ƙarewa, sai yadda mai duba ƙofa ya ga dama. A nan wasu kamfanoni ke cin riba a ɓoye: su caji iyaye kuɗin babba, su yanki na ɗalibi. Maganinsa a sa su rubuta farashin kowane tikiti daban a takardar yarjejeniya, a kuma karɓi guntayen tikitin bayan an fito.

Gida na biyu da muke ganin bai kamata a tsallake ba shi ne na Fusɗaɗ. Ƙarami ne idan aka gwada da Giza, awa ɗaya da rabi ta wadatar. Zauren sama ɗaya ne, ya bi tarihin Masar tun kafin fir'aunoni har zamanin Girkawa da Rumawa da Kibɗawa da Musulunci. A ƙasa kuma gawarwakin suke, daga cikin 22 da aka kwaso daga Tahrir a jerin gwano ranar 3 ga Afrilu 2021, sarakuna 18 da sarauniyoyi huɗu. Ɗakin duhu-duhu ne, hanyar ƙunci ce kuma ba a komawa baya, an hana hoto, ana son shiru. Saboda haka duk bayanin da za a yi sai a gama shi a waje, a shigar da yara goma-goma, malami a gaba malami a baya. A samu wanda zai zauna da waɗanda suka ce ba za su iya ba, don ana samu, kuma ba abin tilas ba ne. Gawa ce ta mutum, da gashi da haƙora da farce. Kan gawar sarki Seƙenenre yana ɗauke da saran gatari a goshi, a fili.

Ɗalibin Islamiyya da tambaya ɗaya yake sauka wannan ɗakin: wanne ne Fir'aunan Annabi Musa? Ya haddace aya ta 92 a Suratu Yunus, yana son ya gani da idonsa. Jagoran da ke neman tafi zai nuna Ramsis na biyu ko ɗansa Marnabtah ya yanke hukunci, ya ƙara da cewa an sami gishiri a jikin gawar, alamar nutsewa a teku. A yi hattara da wannan. Alƙur'ani bai ambaci sunan sarkin ba, allunan da ke jikin gilashin ba su ce komai a kai ba, masana kuma sun saɓa. Batun gishiri kuwa, duk gawar da ke ɗakin ta sha shi, domin da shi ake busar da su. Sunansa naɗrun, ɗan'uwan kanwar da ake sayarwa a kasuwar Mile 12 ne, ana haƙo shi a Wadi Naɗrun tsakanin Alƙahira da Iskandariyya. Masu gyaran gawa na wancan zamani sukan cire kayan ciki, su binne jikin a cikinsa wajen kwana 40 har ruwan jiki ya tsotse, sannan a shafe shi da mai da ƙaro a naɗe da lilin. Aikin duka kwana 70. Malamin da ya zo da ɗan ƙullin kanwa a aljihu ya nuna wa yara a bakin ƙofa ya gama darasin da jagora zai yi minti ashirin bai kai ba. Ramsis na biyu ya yi mulki shekara 66, ya mutu tsoho tukuf wajen shekara 90, kuma ana ganin tsufan a fuskarsa. Wannan tabbas ne, kuma ya ishi mai hankali wa'azi ba tare da an ɗora wa aya abin da ba ta faɗa ba.

Fusɗaɗ tana da wata fa'ida ta tsari: masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar bayan Musulmi sun buɗe ta wajen shekara ta 641, yana nan kusa, da wurin alwala mai faɗi. A sa Azahar ta riski rukuni a can. Kuma a nan ne ya kamata a gaya wa yara cewa kakanninsu ba baƙin garin nan ba ne. A ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina Madrasar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ don ɗalibansu da alhazansu. Mansa Musa ya sauka Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta Makka. Jalaluddin Suyuɗi, ɗaya daga cikin Jalalaini biyun da ake karanta tafsirinsu a masallatan Agege da Idi-Araba duk azumi, ɗan garin nan ne, a nan ya rasu a 1505, kuma ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Jagoran Masar ba zai kawo wannan ba, ba a koya masa shi ba. Aikin malamin da ya rako su ne.

Shi jagoran, a nemi mai lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido, yana rataye da katinsa. A faɗa wa kamfani harshen da ake so tun daga Legas. Idan Larabci ne, a ce Fusha, wato Larabcin littafi, a maimaita, domin in aka sake shi zai zame cikin Larabcin titi, inda jimun ke komawa ga, ƙaf kuma ta ɓace, sai ka ga yaron da ya sauke Ajurumiyya yana zare ido. Rukunin da ya haura 15 yana buƙatar na'urar kunne, wadda jagora ke magana a ƙaramin makirufo kowa ya ji. Ba tare da ita ba, mutum shida na gaba ne ke karatu, sauran suna duba waya. A tambaya ko tana cikin kuɗin, don sau da yawa ba ta ciki.

Gidan fasahar Musulunci na Babul Khalƙ shi ne wanda kamfanoni ke yarwa idan lokaci ya ƙure, alhali ga makarantar Islamiyya ya fi Tahrir amfani nesa ba kusa ba. An buɗe ginin a 1903, bam ɗin da aka tayar a hedikwatar 'yan sanda da ke tsallaken titi ranar 24 ga Janairu 2014 ya yi masa ɓarna, aka sake buɗe shi a 2017. Babu turmutsutsu, kuma shi ne gidan da yaranmu suka fi iya karanta kayan da kansu. A tsayar da su gaban fitilun gilashi na zamanin Mamluk, a bar su su lalubo rubutun da ya zagaye wuyan fitilar. Ba a minti biyu wani zai ɗago kai ya ce ayar Nur ce. Akwai dutsen kabari mai kwanan wata na shekara ta 31 bayan Hijira, rubutun Kufi ba ɗigo ba wasali, wanda ke sa su gane dalilin ƙirƙiro ɗigo. Wanda ya yi makarantar allo, ya saba da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, yakan riga 'yan boko gane shi. Ga butar tagulla mai bakin zakara da ake danganta wa halifa Marwan na biyu, ga kayan auna taurari da na fiɗa. Awa ɗaya da rabi. Matsalarsa guda: titin ba wurin ajiye babbar mota, sai a sauke yara da sauri direba ya zagaya, don haka a karɓi lambar wayarsa.

Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, har yanzu yana da allon sarki Narmar da kayan zinare da azurfa na sarakunan Tanis da dutsen Marnabtah mai ambaton Isra'ila. Amma Tutankhamun ya tashi, gawarwakin sun tashi, ginin ba shi da sanyi da rani. Ɗaliban jami'a masu karanta tarihi su je. 'Yan sakandare su bar shi.

Shagon fafiras da na turare ba ilimi ne ya sa ake tsayawa ba, kamasho ne na direba da jagora. Nunin yadda ake jiƙa ciyawar a jera ta a danne yana da kyau, minti biyar ne. Sauran minti arba'in ciniki ne da kuɗin guzurin yara. A rubuta a yarjejeniya cewa ba tsayawa a shago, a kuma ware wa direba da jagora ɗan hasafinsu a fili, tun da ta nan dama suke cike gurbin.

Abincin rana, a guji gidan cin abinci na masu yawon buɗe ido inda ake ɗiba da kai, yana cin lokaci kuma yara ba sa cin rabinsa. Kushari ya fi: shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa da miyar tumatir, ana zuba shi nan take, ba nama balle a yi tambaya. Bakin da ya saba da barkonon Legas zai ji shi lami, sai a tafi da yaji a gwangwani. Ruwan roba kawai, aƙalla lita biyu ga kowane yaro da zafi, a ajiye katan a mota. A canza ƙananan kuɗi saboda masu kula da bayi, a kuma koya wa yara lambobin Larabci kafin tafiya, don biyar tasu kamar sifili take, sifili kuma ɗigo ne.

Zaɓen rana ma yana da nasa. Juma'a da Asabar ne hutun mako a Masar, gidajen sukan cika da iyalai, Juma'a kuma salla ta raba wunin biyu. Da azumi ana rufewa da wuri. Dogon hutun makarantunmu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ya faɗa tsakiyar zafinsu, busasshen zafi da ke kai maki 35 ko fiye, yaro ba ya jin gumi sai dai jiri ya kwashe shi. Hutun Disamba ya fi daɗin yawo, sai dai sanyin safiya ya fi ƙarfin rigar makaranta, a sa rigar sanyi cikin jerin kaya. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma awa biyu. Tafiyar jirgi wajen awa biyar ce, don haka kar a sa wunin gidajen tarihi washegarin sauka. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai fitowa daga Najeriya, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki.

Malami ɗaya ga yara goma, malama ga 'yan mata. Kowane yaro da lambarsa, a ƙirga da baki a kowace ƙofa da kowane hawa mota, kuma kowa ya rataya kati mai sunan masauki da Larabci da lambar wayar Masar ta jagora. Fasfo yana hannun shugaban tafiya, yara su riƙe kwafi. A sanar da iyaye a rubuce cewa za a ga gumaka, wasu ba sutura, za a kuma ga gawa, don kar maganar ta taso bayan an dawo. Takardar aiki shafi ɗaya ta isa, tambaya biyar a kowane gida, irin wadda sai an tsaya gaban abu za a iya amsawa.

Makarantar da ba ta taɓa fita da yara irin wannan ba ta gwada a gida tukuna. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, yana da kayan Nok da na Benin, da motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, da ramukan harsashi a jikinta. A kwashe su daga Agege a mota ɗaya ranar aiki, a riƙe agogo: minti nawa aka yi kafin kowa ya hau, minti nawa a ƙofa, minti nawa a alwala, wa ya ɓace, a wane minti suka fara neman wurin zama. Da waɗannan alƙaluman za a je ofishin kamfani a zauna kan jadawalin Alƙahira.